Babi na Biyar: Mudun Saye da Mudun Sayarwa

Ina aji biyu a jami'a na sayi Linjilar Barnaba. A bakin wani masallacin Juma'a na same ta, an shimfiɗa ta a tabarma tsakanin ƙananan littattafan Ahmed Deedat da kwalaben turare da ɗaurin asuwaki. Fassarar Turanci ce, takardarta har ta fara ja saboda rana. Dattijon da ke da kayan ya ga ina jujjuya ta, sai ya sassauta murya ya ce, "Samari, wannan ita ce wadda suka ɓoye." Ko ragi ban nema ba. Na biya, na jefa ta a aljihu, na kama hanyar makaranta ina jin na tsinci dami a kala.

Abokin ɗakina a lokacin Kirista ne, Bahaushe daga ƙasar Zazzau. Tun zamanin kakansa ake karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa a gidansu, fassarar nan da ta fito a 1932. Tukunyarmu ɗaya, rishonmu ɗaya, amma da an yi isha'i sai musu. Ranar na ɗora masa littafin a kan filo, na ce ya karanta mu gani ko zai ƙara ɗaga murya. Kwana uku yana karatu bai ce uffan ba. A na huɗu ya miƙo mini, ya saƙala tsinken tsintsiya a babi na 20, ya ce, "Malam, kai da kake son labarin ƙasa, nuna mini tashar jirgin ruwa a Nazarat."

A babin an ce Yesu, wato Annabi Isa alaihissalam, ya shiga jirgi a Tekun Galili ya nufi garinsu Nazarat. Na buɗe taswira. Nazarat na bisa tuddai, fiye da kilomita 20 daga bakin ruwa. Kamar mutum ya rantse maka shi haifaffen Kano ne, sannan ya ba ka labarin yadda jirgin ruwa ya sauke shi a gindin Dala. Na yi ta kame-kame a daren, amma a raina na san an kama ni. Kuskuren littafin ma bai dame ni ba kamar nawa: sau biyu na karanta wannan babin da idona ban ga komai ba. So hana ganin laifi.

Duk wanda ya saba da kasuwar hatsi ya san ɗan awon da ke ajiye mudu biyu, mai zurfi na saye a hannun manomi, da wanda aka buge wa gindi na sayar wa magidanci. Sura guda aka saukar a kan masu wannan hali. Yawancinmu haka muke karatu. Littafin da ya soki addinin wani muna karɓarsa ba bincike, wanda ya taɓa namu kuwa ko bangonsa ba ma son gani. Littattafan da suka ta da ƙura a kan Kiristanci wuri ne mai kyau na gwada kai, domin Musulmi da Kirista da wanda ba ruwansa da addini, kowa akwai littafin da yake fata ya zama gaskiya, akwai kuma wanda yake fata ya zama ƙarya.

Ma'aunin ba na Turawa ba ne

A ƙarni na 11 an kai wa wazirin halifa a Bagadaza wata tsohuwar takarda, aka ce Manzon Allah sallallahu alaihi wasallam ne ya sa aka rubuta ta yana yafe wa mutanen Khaibar jiziya. Waziri ya miƙa wa malamin hadisi Khaɗib al-Bagadadi, wanda ya rasu a 1071. Malamin ya duba sunayen shaidu, ya ce jabu ce. A cikinsu akwai Mu'awiya, wanda musuluntarsa ta bayyana ne a cin Makka, alhali an ci Khaibar tun kafin nan. Akwai kuma Sa'adu ɗan Mu'azu, wanda ya rasu bayan yaƙin Khandaƙ, kusan shekara biyu kafin Khaibar. Mamaci ba ya shaida.

Bayan kusan shekara 400, a 1440, wani malamin Latin a Italiya mai suna Lorenzo Valla ya yi irin wannan aiki a kan takardar da ake cewa da ita Sarki Kustantin ya damƙa wa Fafaroma mulkin Rum da ƙasashen yamma. Valla ya nuna takardar na ambaton birnin Kustantiniya a lokacin da ba a kafa shi ba, kuma Latin ɗinta ba na zamanin sarkin ba ne. Shi kansa Valla ɗan cocin Katolika ne, daga baya ma a fadar Fafaroma ya yi aiki.

Malaman nan biyu ba su san juna ba, addininsu daban, amma tambayarsu ɗaya: daga hannun wa zuwa hannun wa takardar ta biyo, kuma abin da ke cikinta ya dace da zamanin da ake jingina mata? Almajirin hadisi zai ce ai isnadi da matani ke nan. Haka ne.

Mu auna Barnaba

Isnadi tukuna. Tsoffin rubuce-rubucen hannu biyu kaɗai aka sani na wannan littafi. Ɗaya da Italiyanci, daga ƙarshen ƙarni na 16, yana da babi 222, yana ɗakin karatu na ƙasar Ostiriya a birnin Biyana. Ɗayan da Sifaniyanci, kwafi ne na ƙarni na 18 wanda bai cika ba, aka gano shi a Sidni ta Ostireliya. Babu kwafin Helenanci, babu na Ibrananci, babu na Larabci na dā. Lonsdale Ragg da matarsa Laura suka fassara shi zuwa Turanci a 1907. A 1908 Khalil Sa'ada ya mayar da shi Larabci, Rashid Rida ya buga a Alƙahira, daga nan ya bazu a ƙasashen Musulmi.

Gaskiya ne wani jerin littattafan da coci ta ƙi amincewa da su, na wajen ƙarni na 6, ya ambaci wata linjila da sunan Barnaba. Amma suna kawai ya iso mana, ba nassi, don haka ba abin da za a gwada da wannan ta hannunmu. Ga kuma wani shiru mai nauyi. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, da Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, sun rubuta dogayen raddi ga Kiristoci, sun tono duk hujjar da hannunsu ya kai. Babu wanda ya kafa hujja da Linjilar Barnaba a cikinsu.

Sai matani. Ban da jirgin Nazarat, littafin ya ce Bilatus ne gwamna lokacin haihuwar Yesu, alhali daga shekara ta 26 zuwa ta 36 ya yi mulkin Yahudiya. Ya ce shekarar yafiya da ake kira jubili tana zagayowa duk shekara 100. A Attaura shekara 50 ce. Fafaroma Bonifas na Takwas ne ya ayyana jubili na shekara 100 a 1300, wani Fafaroman kuma ya rage shi zuwa 50 kafin 1350. Marubucin ya bar sawun zamaninsa a kan takarda bai sani ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda littafin ya saɓa wa Alƙur'ani ban lura ba. A cikinsa Yesu ya musanta cewa shi ne Almasihu, alhali da wannan suna Alƙur'ani ke kiransa. Ya ce sammai tara ne, Alƙur'ani ya ce bakwai. Ya ce Maryamu ta haihu ba tare da zafi ba, Suratu Maryam kuwa ta ba da labarin naƙudar da ta kai ta gindin dabino. Malaman da suka tattara hadisan ƙarya, irin su Ibn al-Jauzi, ba su ƙyale hadisi don ma'anarsa ta yi musu daɗi ba. Musulmin da ya riƙe Barnaba yana taimakon addininsa da abin da addinin bai roƙe shi ba.

Ƙagaggen labari da rigar tarihi

A 2003 Ba'amurke Dan Brown ya fitar da The Da Vinci Code. An sayar da kwafi sama da miliyan 80, an fassara shi zuwa harsuna fiye da 40, aka yi fim ɗinsa a 2006. Zaren labarin shi ne wai Yesu ya auri Maryamu Magadaliya, zuriyarsu ta wanzu a Faransa, wata ƙungiyar asiri na tsare sirrin, coci kuma na neman binne shi. Ƙasar Labanan ta haramta littafin a 2004 bayan koken shugabannin Katolika.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayi littafin hira ya san ƙage zai karanta, kuma ba wanda ke tuhumar Abubakar Imam don aku ya yi magana a Magana Jari Ce. Matsalar Brown shafi guda ce a farkon littafin, inda ya jera abubuwan da ya ce tabbatattu ne, ciki har da cewa an kafa ƙungiyar asirin, Priory of Sion, a 1099. Da wannan shafin ya fita daga rumfar mai tatsuniya ya shiga ta mai tarihi, dole kuwa a auna shi da mudun masu tarihi.

Da aka auna, ga abin da ya fito. Wani Bafaranshe, Pierre Plantard, shi ya kafa ƙungiyar a garin Annemasse a 1956. Shi da abokansa suka ƙirƙiri takardun salsala suka ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasa a Paris cikin shekarun 1960, don masu bincike su je su tarar. A 1993 ya amsa a gaban alƙali cewa shiri ne. Kafin nan wasu marubuta uku sun riga sun gina littafinsu The Holy Blood and the Holy Grail na 1982 a kan waɗannan takardu. Biyu daga cikinsu suka kai kamfanin da ya buga littafin Brown ƙara a Landan a 2006 kan satar fasaha, suka sha kaye.

Abin da ya fi yawo a bakin mutanenmu daga littafin Brown shi ne batun taron Nikiya na shekarar 325, garin da yau ake kira Iznik a Turkiyya. Ana cewa a can Kustantin ya zaɓi linjila huɗu ya ƙone saura, a can kuma aka mayar da Yesu abin bauta da ƙuri'a mai ƙaramin rinjaye. Dokoki 20 da taron ya zartar suna nan har yau, babu wadda ta taɓa jerin littattafai. Tun wajen shekarar 180, Bishop Iraniyus na Liyon ya rubuta cewa linjila huɗu ce. Tun wajen 112, gwamnan Rumawa Filini ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa Kiristoci na rera wa Almasihu waƙa kamar abin bauta. Bishop-bishop kimanin 300 suka halarta, biyu kacal suka ƙi sa hannu. Shi kansa Ariyus da aka yi taron dominsa bai ce Yesu mutum ne kamar kowa ba. Cewa ya yi halitta ne da aka yi kafin duniya, ba daidai yake da Uba ba.

A lura da kyau: wannan bai tabbatar da aƙidar Nikiya ba, bai kuma rushe ta ba. Musulmi na nan a kan cewa Annabi Isa bawan Allah ne kuma manzonsa, Kirista na nan a kan abin da ya gaskata. Tarihi ya faɗi lokacin da aka fara faɗin magana da wanda ya faɗe ta, iyakarsa ke nan. Amma wanda ya shiga muhawara da labarin Brown a hannu, ya shiga da takobin kara.

Har farfesa ana yi wa

Kada mai karatu ya ɗauka talaka ne kaɗai ake ruɗa. Ranar 18 ga Satumba 2012, a wani taron masana Kibɗanci a Rum, Farfesa Karen King ta Jami'ar Harvard ta nuna wani guntun takardar bardi, irin wadda mutanen Masar na dā ke yi da ciyawar bakin Nilu. Girmansa bai wuce katin shaida ba, layi takwas ne a fuskarsa, kuma a ɗaya daga ciki Yesu ya ambaci matarsa. Don a yi mata adalci, ta faɗa tun ranar cewa wannan ba hujja ba ce a kan ya yi aure. Amma ta raɗa wa guntun suna Linjilar Matar Yesu, jaridun duniya kuwa sunan suka ɗauka. Mai takardar ya nemi a sakaya sunansa, aka sakaya. Hadisi ke nan da mai ruwaya majhuli.

Cikin 'yan kwanaki Francis Watson na Jami'ar Durham ya nuna cewa kusan duk jimlolin tsintar su aka yi daga Linjilar Toma, ɗaya daga littattafan da wani manomi ya haƙo cikin tulu kusa da Naj Hammadi a Masar a 1945. Sai Andrew Bernhard ya gano abin da ya fi wannan: akwai wani kwafin Linjilar Toma da aka ɗora a intanet a 2002, wanda harafi guda ya faɗi a cikinsa wajen bugu, kuma daidai wurin harafin ya faɗi a guntun da ake cewa na dā ne. Gwajin kimiyya na 2014 ya nuna ita takardar tsohuwa ce, ta wajen ƙarni na 8, wasu suka ce magana ta ƙare. Amma tsohuwar takarda wadda ba a rubuta komai a kai ba ana samunta a kasuwar kayan tarihi. A shekarar dai Christian Askeland ya duba wani guntun Linjilar Yohanna da ya zo tare da shi, hannu ɗaya, tawada ɗaya, ya ga an kwafo shi daga wani bugu na 1924, ana tsallake layi a kwafi na gaba. A 2016 ɗan jarida Ariel Sabar ya bi sawun mai takardar har jihar Fulorida, ya wallafa a mujallar The Atlantic yadda takardun salsalar suka kasa tsayuwa. King ta amsa cewa hujja ta karkata ga jabu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma sai da aka yi shekara huɗu kafin a kai ƙarshen wannan.

Gaskiyar da ba ta da daɗi

Kada kuma a ce duk littafin da ya ɓata wa Kirista rai ƙarya ne. Shekaru bayan mun gama karatu na ziyarci abokin nan nawa, na tafi masa da Misquoting Jesus na Bart Ehrman, wanda ya fito a 2005. Ya ture shi gefe ya ce shi ba ya karanta littafin wanda ya bar addini. Na ce, "To, Malam, yau kai ne ni. Ɗauko Littafi Mai Tsarki naka na Turanci ka buɗe ƙarshen Markus." Ya buɗe sura ta 16. A ƙasan shafi, da ƙananan haruffa, masu fassarar da kansu sun rubuta cewa aya ta 9 zuwa ta 20 babu su a mafi tsufan kwafe-kwafe. Haka labarin matar da aka kama da zina a farkon sura ta 8 ta Yohanna. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya yi dariya ya ce shekara ashirin yana wuce wannan rubutu bai taɓa tsayawa ba.

Ehrman bai ƙirƙiri wannan ba. Kundin Sina'i da kundin Batikan, dukkansu na ƙarni na 4, a aya ta 8 ta surar nan ta Markus suka tsaya. Akwai kwafin Sabon Alkawari na Helenanci da aka rubuta da hannu sama da 5,000, bambance-bambancen da ke tsakaninsu kuwa dubban ɗaruruwa ne. Shi Ehrman ɗin ya faɗa cewa mafi yawansu kuskuren harafi ne da tuntuɓen alƙalami waɗanda ba su canza ma'ana. Malaminsa, Bruce Metzger na Princeton, limamin coci ne, ya san duk wannan fiye da kowa, har sun yi littafi tare, kuma a kan imaninsa ya rasu. Ehrman kuma ya bayyana cewa abin da ya raba shi da addini shi ne tambayar wahalar da bayin Allah ke sha a duniya. Hujja ɗaya a gaban mutum biyu, kowa da inda ya sauka. Saboda haka mai karatu ya riƙa rarrabe abin da marubuci ya tabbatar da abin da ya gina a kai, don sau da yawa tubalin na da ƙwari, ginin ne ke da gardama.

Wani abin lura game da Ehrman: a 2004 ya rubuta littafi guda yana warware kurakuran Dan Brown, a 2012 kuma ya rubuta Did Jesus Exist? yana raddi ga masu cewa ba a taɓa yin Yesu a tarihi ba. Masu wa'azin coci sun ji haushinsa, masu ƙin addini ma sun ji. Ba sai ka yarda da duk abin da ya faɗa ba, ni ma ban yarda ba. Amma marubucin da hujja ke kai shi inda magoya bayansa ba sa so ya cancanci a saurare shi.

Kafin ka ce "sun ɓoye"

Hana karatu bai cika kashe littafi ba. Cocin Katolika ta riƙe jerin haramtattun littattafai daga 1559 har 1966, ta gaji ta ajiye. Haɗiye duk abin da aka miƙo maka kuma ba wayewa ba ce. Mai buɗaɗɗen tunani kamar mai gida ne da ke yi wa baƙo maraba, ya ba shi ruwa da tabarma, sannan ya tambaye shi daga ina, ɗan gidan wa, me ke tafe da shi.

Haka za ka yi wa littafi. Wane iri ne, hira ko bincike ko wa'azi? Ina tsohon kwafinsa yake, wa ya gani, ta hannun wa ya biyo? Garuruwa da sarakuna da shekarun da ya ambata sun zauna daidai? Me masanan da ba su da riba a cikin maganar suka ce, kuma marubucin ya kawo hujjar abokan hamayyarsa yadda su da kansu za su yarda ita ce? Kalmar "sun ɓoye" kuwa ka yi hattara da ita, domin ita ce jarin mai talla. Linjilar Toma da ta Filibus da sauran littattafan Naj Hammadi suna gidan tarihin Kibɗawa a Alƙahira, an fassara su, ana sayarwa a kanti. Kundin Sina'i an ɗauki hotonsa shafi-shafi an ɗora a intanet, kowa na iya dubawa.

Tambaya ta ƙarshe kanka za ka yi wa: da a kan addinina aka rubuta wannan, da irin wannan hujja, zan karɓa? In amsar a'a ce, to kada ka tura wa kowa, kada ka hau mumbari ko bagadi da shi. A garuruwanmu Musulmi da Kirista kasuwa ɗaya suke ci, rijiya ɗaya suke sha, kuma mun ga abin da magana marar tushe ke jawowa. Ka karanta abin da ka ga dama, ɗan'uwa, amma mudun da ka auna littafin maƙwabcinka, da shi za ka auna naka.